Binciken Jikin Majiyyaci a Tarihin Tausar Magani



Lokacin da nake karatu a ƙasar waje, ciwon baya ya taɓa kama ni saboda yawan zama a ɗakin karatu, har aka ba ni shawara in je wurin wata mai tausar magani. Na tafi da niyyar in kwanta a murza mini baya in tashi, kamar yadda yaro kan tattake wa kakansa a gida. Sai matar nan ta zaunar da ni a kujera, ta ɗauko takarda, ta shiga yi mini tambayoyi. Yaushe ciwon ya soma? Yana tashe ni daga barci? Na rame a 'yan kwanakin nan? Akwai zazzaɓi? Ƙafa tana mutuwa? Wane magani nake sha? Sa'an nan ta sa ni in sunkuya, in miƙe, in karkata dama da hagu. Aka ci kusan rabin lokacin da na biya kuɗinsa ba ta taɓa ni ba, har raina ya soma ɓaci. Daga baya na fahimci cewa tambayoyin nan suna da tarihi mai tsawo, kuma shi nake son in ɗan warware yau, domin a ganina su ne suka raba tausar magani da tausar jin daɗi.

Mutanen dā ba su jahilci cewa tausa kan yi amfani ko ta yi ɓarna ba. A littattafan da ake dangantawa da Hippocrates, likitan Yunan wanda Larabawa ke kira Buƙraɗu, an bayyana cewa murza tana iya ɗaure gaɓar da ta saki, tana kuma iya sassauta wadda ta ƙage. Abin da wannan ke nufi a fili yake, watau tilas mai murzar ya fara sanin halin da gaɓar take ciki, in ba haka ba ya ƙara mata abin da ke damunta. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya faɗaɗa wannan a cikin Al-Ƙanun fi al-Ɗibb. Ya kasa tausa iri iri, mai ƙarfi da mai laushi, mai yawa da matsakaiciya, wadda ake yi kafin motsa jiki da wadda ake yi bayansa don a kori gajiya, kowace da irin jikin da ta dace da shi. A littafin nan ne kuma ya yi dogon bayani a kan bugun jini da launin fitsari. Amma a lura, wanda ke duba bugun jinin likita ne, mai murzar kuwa galibi bara ne ko ma'aikacin gidan wanka. Wannan rabon aiki, tsakanin mai bincike da mai hannu, shi aka yi ta jayayya a kansa har cikin ƙarni na ashirin.

Wanda ya fara ƙoƙarin haɗa su a makaranta shi ne Per Henrik Ling, mutumin Suwidin, malamin wasan takobi kuma mawaƙi, wanda ya kafa Cibiyar Motsa Jiki ta Sarki a birnin Sitokholm a 1813. Ɗaliban cibiyar, waɗanda da yawansu hafsoshin soja ne, sukan koyi ilmin ƙirar jiki da yadda sassansa ke aiki da sanin cututtuka, su duba majiyyaci da kansu, su tsara masa irin motsin da za a yi masa. Wasu likitocin ƙasar ba su ji daɗin haka ba. Bayansa aka yi Johann Georg Mezger, likita ɗan ƙasar Holan, wanda ya rubuta kundin digirinsa a 1868 a kan maganin targaɗen ƙafa ta hanyar murza, ya kuma yi suna a Amsitadam har sarakunan Turai suna zuwa wurinsa. Shi da almajiransa ne suka yaɗa sunayen Faransanci na shafa da matsa da bubbugawa da ake koyarwa har yau, ko da yake duniya ta laƙaba wa Suwidin su.

A cikin wannan ƙarni na sha tara ne ilmin likitanci ya gano abin da ya mai da bincike farilla. Rudolf Virchow, masanin cututtuka na Jamus, ya nuna a ayyukansa da aka tattara a 1856 cewa jini kan daskare ya zama guda a cikin jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle, ya bi jini ya ratsa zuciya, ya je ya toshe jijiyar huhu. Ku dubi abin da wannan ke nufi ga mai tausa. Mutum ya zo yana kukan ciwo a sha-raɓa, wurin ya kumbura, ya yi ɗumi. Ga wanda bai sani ba, wannan tsoka ce ta ɗaure, sai a murza ta da ƙarfi. Ga wanda ya sani, yana iya zama gudan jini, musamman in mutumin ya daɗe a kwance, ko an yi masa tiyata, ko mace ce da ta haihu ba da daɗewa ba, kuma murzar na iya zama ajalinsa. Daga nan aka soma jera yanayin da ba a tausa a cikinsa, kamar zazzaɓi, da ƙurji mai ruwa, da karayar da ba ta kama ba, da gaɓar da tarin fuka ya ci, da kumburin da ba a san asalinsa ba.

Bari in ɗan ratse, tun da harshe ne fannina. Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya huɗu: hanyar da ke kai jini daga zuciya, da wadda ke komo da shi, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka, da kuma igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wadda mahauta ke kira agara. In majiyyaci ya ce jijiya ke damunsa, bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi wacce ba. Ɗaya tana son a murza ta, ɗaya in an murza ta sai ciwon ya ƙaru, ɗaya kuwa mun ga abin da take iya jawowa. Duk binciken da muke magana a kai, a iya cewa ƙoƙari ne na rarrabe waɗannan huɗun.

Abin mamaki, abin da ya kafa sana'ar a Ingila ba ilmi ba ne, abin kunya ne. A 1894 mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya ta buga rahotanni cewa wasu gidajen tausa a Landan gidajen karuwai ne da aka sāke wa suna, kuma ana sayar wa 'yan mata takardun shaidar ƙwarewa na jabu. Mata huɗu, masu aikin jiyya da ungozomanci, watau Lucy Robinson da Rosalind Paget da Annie Manley da Margaret Palmer, suka tashi don su wanke sunan aikinsu, suka kafa ƙungiyar ƙwararrun mata masu tausa. Suka shirya jarrabawa a kan ƙirar jiki da aikin hannu. Suka kuma kafa dokoki: ba a yi wa kowa tausa sai da umurnin likita, ba a yi wa namiji tausar jiki duka, ba a talla sai a jaridun likitoci.

A nan ya kamata mu dakata. Dokar farko ta sama musu mutunci, amma da tsada suka saye shi, domin sun miƙa wa likita haƙƙin bincike ɗungum, suka riƙe aikin hannu kaɗai. Wasu marubuta suna ganin wannan ƙasƙanci ne. Ni ban ga haka ba. Mace a Landan ta 1894, wadda jaridu ke haɗa sana'arta da karuwanci, ba ta da wata inuwar da za ta fake sai ta likita, kuma dabarar ta yi aiki: ƙungiyar ta sami rajista a 1900, ta sami takardar amincewar Sarki a 1920, shekarar da aka fara karɓar maza, sa'an nan a 1944 ta ɗauki sunan da take da shi yanzu na ƙungiyar masu fisiyo, aikin da mu muke kira gashin ƙashi.

Sai dai aiki da kansa ya rushe wannan rabo. A 1914 Almeric Paget da matarsa suka ɗauki nauyin mata 50 masu tausa don su yi wa sojojin da aka raunata aiki, kafin yaƙin ya ƙare kuwa adadinsu ya kai wajen 2,000. Likita guda ba zai iya duba ɗaruruwan hannuwa da ƙafafun da harsashi ya tsinka wa jijiya kowace safiya ba. Wadda ke taɓa su kullum ita ke fara ganin yatsan da ya soma motsi, ko wurin da ya soma ruɓa. Haka nan a Amurka, cutar shan inna ta sa Robert Lovett, likitan ƙashi a Bostan, da mataimakiyarsa Wilhelmine Wright, suka tsara hanyar gwada ƙarfin kowace tsoka ita kaɗai, Wright ta buga bayaninta a 1912. A yaƙin duniya na biyu majalisar binciken likitanci ta Birtaniya ta daidaita wannan a kan ma'auni daga 0 zuwa 5: 0 babu motsi sam, 1 tsokar na ɗan motsawa amma gaɓar ba ta tashi, 2 gaɓar na motsi in an tallabe nauyinta, 3 tana iya ɗaga nauyin kanta, 4 tana iya ture hannun mai gwaji, 5 lafiya lau. Amfanin lambar shi ne ana iya rubuta ta, wani ya karanta, a kuma gwada bayan wata guda a ga ko an ci gaba.

Saura wata matsala, wadda kowa a nan ya taɓa gamuwa da ita: inda ake jin ciwo ba lalle nan ne ciwon yake ba. A 1938 wani likita a Landan, J. H. Kellgren, ya riƙa yi wa kansa da abokan aikinsa allurar ruwan gishiri mai ƙarfi a cikin tsoka, ya tarar ana jin zafin a wani wuri nesa da inda aka soka allurar. James Cyriax na asibitin St Thomas ya gina tsarin bincike a kan irin wannan sani, ya buga shi a 1947. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Da farko majiyyaci ya motsa gaɓar da kansa. Na biyu, ya saki jiki mai bincike ya motsa masa ita, ta yadda tsoka ba ta aiki. Na uku, ya yi ƙoƙarin motsawa mai binciken ya tare, ta yadda tsoka na aiki amma gaɓar ba ta motsa ba. In ciwon ya taso a gwaji na uku, laifin na tsoka ne ko agararta. In a na biyu ya taso, sai a fi zargin gaɓar kanta da abin da ya ɗaure ta. Sunkuyawa da karkatawar da matar nan ta sa ni, jikokin wannan tsari ne.

Da ilmin ya taru a hannun masu aikin, dokar 1894 ta zama tsohuwar riga. A 1976 ƙungiyar masu fisiyo ta Ostireliya ta yarda membobinta su karɓi majiyyaci ba tare da takardar likita ba, Birtaniya ta bi sahu a 1977. A halin nan kuma masu fisiyo sun karkata ga na'urori da motsa jiki, tausa ta koma sana'a mai zaman kanta da makarantunta, kamar difilomar tausar magani da ake yi a Ostireliya. Wanda ya fito daga irin wannan makaranta mutane kan faɗo masa kai tsaye daga titi, ba likitan da ya tace su. Don haka ake koya masa tsarin jiki gaba ɗaya, ba ƙashi da tsoka kaɗai ba. Ana koya masa zuciya da jini, saboda gudan jini da masu shan maganin tsinka jini, waɗanda matsa kaɗan kan tara musu jini a ƙarƙashin fata. Ana koya masa jijiyoyin saƙo, saboda mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji ba zai ce an yi masa zafi ba. Ana koya masa fata, da numfashi, da kayan ciki, tun da ciwon ƙoda kan fito a baya, ciwon zuciya kuma a kafaɗa da hannun hagu. Ba a ba shi izinin ya sa wa cuta suna ba, wannan har yanzu na likita ne. Abin da ake nema gare shi ya yanke ɗaya cikin uku: ya yi tausar, ko ya sauya yadda zai yi ta, ko ya ɗage hannu ya tura mutum asibiti.

Wannan reshe na tarihi ya iso Nijeriya a 1945, lokacin da aka kawo ƙwararru biyu daga Birtaniya asibitin ƙashi na Igbobi a Legas don jiyyar sojojin da suka komo daga yaƙi, Jami'ar Ibadan ta fara digirinsa a 1966, aka kuma kafa hukumar rajistar masu aikin a 1988. Amma mafi yawan masu targaɗe da ciwon baya a garuruwanmu ba can suke fara zuwa ba, wurin maɗori suke zuwa, ko wanzami, ko ungozoma. Ba daidai ba ne a ce waɗannan ba sa bincike. Maɗori na gari yakan tambayi yadda aka faɗi, ya lalubi ƙashin, ya gwada shi da na ɗaya ɓangaren, kuma yatsunsa sun ga karaya fiye da na ɗalibin likita. Inda aka bar shi a baya shi ne abin da ba ya cikin ƙashi. Ba a koya masa ya taɓa bugun jini a ƙasa da ɗaurin karan ba, ko ya dubi launin farce, shi ya sa likitocin ƙashi suka sha yanke hannuwan yara da ɗauri ya hana wa jini. Haka kuma ciwon bayan da ke hana barci, tare da rama da zufar dare, a ƙasarmu yakan zama tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya, cutar da Percivall Pott ya siffanta tun 1779, kuma danna irin wannan baya na iya shanye ƙafafu. Yaron da ke kukan ciwon gaɓoɓi akai-akai kuwa, kafin a ce sanyi ne ko amosani a shiga murza, ana bukatar a tambayi uwarsa ko an taɓa gwada jininsa don sikila.