Gwanja, Gaɓar Zinariya, Ghana: Ƙasa Ɗaya, Suna Uku

Kakana, Allah Ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kiran Ghana da sunanta na yau ba. Gwanja yake cewa, kamar yadda ya ji daga bakin mahaifinsa, wanda ya yi fataucin goro da jakuna. Ina yaro na ɗauka mantuwar tsufa ce. Sai da na shiga nazarin tarihi na gane cewa kowane suna da aka raɗa wa ƙasar yana ɗauke da buƙatar wanda ya raɗa shi.

Gwanja asalinta masarauta ce a arewacin ƙasar, kuma a cikinta kasuwar Salaga take. Goron kuwa a kurmin Asante yake fita, a kawo shi Salaga, ayarin Hausawa su saya da kanwa da tufafi da fatu. Da yake nan ne iyakar tafiyar yawancin fatake, sai sunan ya mamaye ƙasar baki ɗaya a bakin mutanenmu.

Turawa ta teku suka ɓullo, idonsu kuma a kan wata hajar yake. Mutanen Fotugal sun iso gaɓar a 1471, suka gina ganuwar Elmina a 1482 domin cinikin zinariya. Daga nan aka sami sunan Gold Coast, wato Gaɓar Zinariya, wanda Ingilishi suka riƙe lokacin da suka kafa mulkin mallaka a 1874. Sunan talla ne tsantsa, mai kwaɗaita wa attajirin Turai zuba dukiya. Bai kuma canza ba ko a ƙarnukan da bayi suka zama babbar hajar da ake lodawa a jiragen ruwa.

Da guguwar neman 'yanci ta taso, 'yan boko suka ƙi yarda a ci gaba da kiran ƙasarsu da sunan kayan sayarwa. J. B. Danquah na cikin waɗanda suka dage a kan sunan Ghana, Kwame Nkrumah kuma ya tabbatar da shi ranar 6 ga Maris, 1957. Abin lura shi ne, tsohuwar daular Ghana, wadda al-Bakri ya ba da labarinta a 1068, tana yankin da yake kudancin Muritaniya da yammacin Mali a yau, nesa da Accra ƙwarai. Aron suna aka yi, amma aro mai manufa: a shaida wa duniya cewa baƙar fata ya kafa daula tun kafin Bature ya san hanyar zuwa. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma wannan linzamin ya ja wasu, domin Mali ta bi sawu a 1960, Dahomey ta koma Benin a 1975.

Sabon babi ya buɗe da gwamnati ta ga cewa ganuwoyin bayi na iya zama abin jan baƙi. UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 1979, Barack Obama ya ziyarci ta Cape Coast a 2009. Shugaba Nana Akufo-Addo ya ayyana 2019 a matsayin Shekarar Dawowa, cikar shekara 400 da saukar da bayin Afirka a Virginia a 1619. Jikokin bayi suka yi ta zuwa daga Amurka, suna tsayawa a ƙofar da aka fitar da kakanninsu, suna zubar da hawaye. Ba na shakkar gaskiyar hawayen nan, ba na kuma ganin laifin ƙasar da ta ce da su, ku zo gida.

Damuwata tana ga abin da talla ke bari a ƙasan huhu, domin mai goro marsa yake jerawa a sama. Labarin gaɓar teku yana da sauƙin sayarwa, tun da azzalumin cikinsa baƙo ne. Na Salaga ya fi ɗaci. Kasuwar da ta yi suna da goro ta yi suna da bayi, Asante na karɓar harajin mutane daga Gwanja da Dagomba, ayarin Hausawa ma ba kanwa kaɗai suke kai wa ba. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, aka bar rijiyoyi da kufai, kuma kaɗan ne cikin baƙin ke tsawaita tafiyarsu zuwa can.

A nan na gane cewa Gwanjar kakana ma ba ta kuɓuta ba. A gidanmu ana ba da labarin huhunan goro da wahalar hanya da ƙetare Kwara, amma ban taɓa jin an ambaci waɗanda aka kora a ɗaure a bayan jakunan ba. Mu ma mun zaɓi abin da muka jera a sama. Aikin ɗalibin tarihi, a ganina, shi ne ya karɓi huhun da ladabi, sannan ya kwance shi har ƙasa, ko da na gidansu ne.