Riƙon Ƴaƴa Bayan Saki: Da Can da Yanzu a Ƙasar Gaya

Ran nan a ajin yaƙi da jahilci na Bana wata ɗaliba ta tambaye ni: "Malam, in aurena ya mutu na koma gidan iyayena a Kamba, ɗana zai bi ni?" Amsar tana da tarihi, sai mu bi shi daga tushe.

Kafin zuwan Turawa babu iyaka tsakanin Bana da Kamba. Ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya. In saki ya auku, dattawa da malamai ke zama. Malaman Malikiyya, bisa littafin Muhtasar na Halil, sun ce uwa ta fi cancanta da riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. In uwa ta sake aure, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa. Game da ƙaura kuwa, nisa suke aunawa. Sai in uwa za ta koma wuri mai nisan baridi 6, wato fiye da kilomita 100, sannan riƙo ya kuɓuce mata. Amma al'adar wurare da yawa ta bar yaro ga uwa har shekara 7 kawai, daga nan uba ya karɓa.

Tsakanin 1898 da 1906 Faransa da Ingila suka shata iyaka. Gaya ta faɗa hannun Faransa, Kamba hannun Ingila. Bayan ƴancin kai na 1960, Dahome, wadda ta zama Benin a 1975, ta koma ƙasa dabam a hayin kogin Kwara. Tafiyar yini guda ta zama ƙetare ƙasa.

Kowace ƙasa kuma ta kama hanyarta. A Nijar dokar 1962 ta ce a bi al'adar masu ƙara a sha'anin aure da saki da riƙon ƴaƴa, alƙali ya zauna da masana al'ada. Dokokin 2004 da 2018 sun riƙe wannan tsari. An yi ƙoƙarin kafa dokar iyali guda ɗaya wajen 1994 da kuma 2011, abin bai yiwu ba. Benin ta kafa tata a 2004. A jihar Kebbi kuwa alƙalan shari'ar Musulunci ke duba irin wannan ƙara tsakanin Musulmi.

Ga inda gizo ke saƙa. Hukuncin da aka yanke a Gaya, ko na riƙo ne ko na hana miji cutar da matarsa, ba ya aiki da kansa a Kamba ko Malanbil, sai an kai shi gaban alƙalin can. Iyakar ma takan rufe: Nijeriya ta rufe tata a 2019, gadar Gaya ta rufu a 2023. Uwa tana nan, ɗa yana can, ba halin gani.

Don haka na ce wa ɗalibata kada ta tashi da baki kawai. Ta sami takardar saki, da takardar haihuwar yaro, da yarjejeniyar riƙo da ciyarwa a rubuce gaban alƙali, ta karanta da idonta kafin ta sa hannu. Amfanin karatun ke nan, jama'a. Allah ya raya mana zuriya.