Isnadin Rabuwa: Ficewar Nijar daga CEDEAO Tsakanin Taskokin Intanet da Bakin Mutanen Magarya da Dungas

Malaman da suka gabace mu, Allah ya jiƙan su da rahama, ba su karɓar labari sai sun binciki isnadinsa, wato wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shin da idonsa ya gani ko kuwa a bakin kasuwa ya tsinta; wannan ƙa'ida kuwa, wadda aka gina ilmin hadisi a kanta, ita nake nufin in auna da ita abin da ɗalibi yake samu a intanet game da ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO, wadda 'yan'uwanmu na kudu suke kira ECOWAS, domin al'amari ne da ya fara zama tarihi alhali shaidunsa suna nan da ransu.

Ta fuskar hukumomi, lalle ruwayar ta inganta, kuma wanda ya nema zai samu. Yarjejeniyar da aka kafa ƙungiyar da ita a Legas ranar 28 ga Mayu 1975 tana nan, haka ma wadda aka sabunta a Kwatano a 1993, wadda ƙudurinta na 91 ya shar'anta wa mai son fita ya ba da sanarwar shekara guda. Sanarwar taron Abuja na 30 ga Yuli 2023, wanda ya ƙaƙaba takunkumi kwana huɗu bayan juyin mulkin Yamai, ita ma tana nan. Haka takardar kafa ƙawancen ƙasashen Sahel ta 16 ga Satumba 2023, da jawabin 28 ga Janairu 2024 wanda Nijar da Mali da Burkina Faso suka bayyana ficewarsu a cikinsa, har zuwa 29 ga Janairu 2025 da rabuwar ta tabbata. Illa dai waɗannan nassoshi da Faransanci da Turanci suke, kuma kowannensu hujjar mai shi ce: yana gaya maka abin da hukuma ta zartar, ba ya gaya maka abin da ya sami talaka.

Mutumin Magarya kuwa, wanda hanyarsa ta zuwa Daura da Kano take bi ta Tinkim ta faɗa Babban Mutum, da makiyayin Dungas wanda ya saba kora bisashensa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba a takarda suka karanta rabuwar ba. Sun gan ta ne a jerin manyan motocin da suka yi cirko-cirko a bakin iyaka, da 'yan kabu-kabun da suka koma bin hanyar gona da daddare, da mai canjin da ke riƙe da naira a hannu ɗaya da sefa a ɗaya yana sake lissafi kowace safiya, da wutar lantarkin da Najeriya ta yanke a watan Agusta 2023. Wannan babi, wanda a ganina shi ne zuciyar mas'alar, ba ka samun sa a taskokin sai ɗan abin da 'yan jarida suka yayo a gurguje, su kuma baƙi ne masu wucewa.

Ba yau aka fara yi mana haka ba. Bayan yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasar nan daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomin iyaka guda 148 tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi, suka raba Magarya da Zango da Baure da Daura, garuruwan da sarautarsu ta fito daga tsatso guda. Kundin tawagar Tilho, da tarihin sarakuna wanda tafinta Landeroin ya tattara a cikinsa, yau ɗalibi yana iya buɗe shi a wayarsa, albarkacin taskoki irin su Gallica ta babban ɗakin karatun Faransa da Internet Archive, kuma wannan ni'ima ce da ba za a raina ta ba. Amma in ka nemi maganar manomin da alama ta faɗa tsakiyar gonarsa, ko ta matar da ta kwana ta tashi gidan ubanta yana hannun Ingilishi gidan mijinta yana hannun Faransawa, ba za ka ji ƙwaƙƙwaran motsi ba. Sai a 1994 William Miles ya fitar da littafinsa a kan Yekuwa ta ƙasar Magarya da maƙwabciyarta 'Yardaji ta Najeriya, a lokacin da galibin waɗanda suka ga kafa alamomin sun riga mu gidan gaskiya.

Wani zai ce ai zamani ya sake, tunda kowa yana da waya a aljihu, kuma muryar talaka ta cika WhatsApp da Facebook da TikTok. Jawabina shi ne, yawan ruwaya ba shi ne ingancinta ba. Na zauna a rumfar mai cajin waya a Magarya, aka miƙo mini hoton motocin da aka tsare a kan iyaka, samari uku suna rantsuwa cewa na makon nan ne, sai wani dattijon direba ya karɓa ya ƙura masa ido, ya ce wannan tun rufewar iyaka ta 2019 ne, don ya san motar da ke gaba kuma an daɗe da sayar da ita. Saƙon murya wanda ba suna, ba rana, ba wuri, wanda kuma zai ɓace ranar da wayar ta faɗa ruwa, a ma'aunin malamanmu munƙaɗi'i ne, ba a gina hukunci a kansa. Sa'an nan mai dogaro da irin wannan ba zai san cewa hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, ta girmi CEDEAO ba, balle ya fahimci cewa ficewa daga ƙungiya daban, yanke zumunci daban.

Saboda haka kirana ga ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da ma'aikatan gidajen rediyon karkara, da malaman makarantun boko da na allo, shi ne su ɗauki na'urar naɗar murya su shiga Ɗan Ciyawo da Sasumburum da Yekuwa da Dogo-Dogo da Malawa, su ji ta bakin direba da dillalin dabbobi da mai canji da matar da 'ya'yanta ke aure a ƙetaren iyaka. Su rubuta ranar hirar da wurinta, su bambance abin da mai magana ya gani da abin da ya ji, su nemi izininsa, sa'an nan su ajiye da Hausa a intanet, su kai kwafi cibiyar IRSH ko CELHTO a Yamai. Shaidun 1906 sun tafi ba a tambaye su ba. Na 2023 suna nan, kuma ranar kasuwa duk ana samun su.