Dodo: Daga Ɗakin Tsafi Zuwa Dandalin Wasa a Ƙasar Gwandu da Yammacinta

A cikin halittun da ba wanda ya taɓa kamawa a daji, amma kowa ya san labarinsu, babu wanda ya kai Dodo suna a ƙasar Hausa. Da shi uwa ta ke tsorata ɗanta in ya ƙi barci, da shi kuma maroƙi ya ke yi wa sarki kirari. Har tantanin da ke can cikin kunne an ce da shi dodon kunne, ɗan abin nan mai jan ciki da ɗakinsa a baya kuwa dodon koɗi. Watau duk abin da ya ɓuya, ko ya ke da ban tsoro, to, ya ci sunan. Abin da za a duba a nan shi ne yadda wannan halitta ta tashi daga abin da a ke yi wa yanka, ta zama rigar da yaro ya ke zaɓa ya sa da dare, ya tuɓe kafin asuba.

Siffarsa sai a tatsuniya. Turawan da suka tara tatsuniyoyin Hausa a farkon mulkinsu sun same shi ko'ina. Yana cikin littattafai uku na Frank Edgar da aka buga daga 1911 zuwa 1913, waɗanda malaman lardin Sakkwato suka rubuta da yawa daga cikin abin da ke ciki da ajami. Yana kuma cikin na Tremearne da na Rattray, duka na 1913. Wani wuri ƙato ne mai gashi da wutsiya, mazauninsa ƙurmi. Wani wuri cikin ruwa ya ke, ya tsare gulbi ya hana ɗiba. Ya kan haɗiye mutum da sa, ya kan rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi don ya auri budurwar da ta raina samarin garinsu. Yana da mata, Dodanniya. Yana kuma da lago, gama yana tsoron karnuka, Ɗan Auta ma da duwatsu masu zafi ya kashe shi. Wanda ya san labarin macijin nan Sarki na rijiyar Kusugu a Daura, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ran Juma'a, zai ga dangantaka: abu ya tsare ruwa, baƙo ya zo da dare ya kashe shi, da safe a nemi wanda ya yi aikin.

Wannan shi ne mafi kusa da abin da Larabawa su ke kira tinnin, watau ƙaton macijin nan na almara wanda Turawa su ke zanawa da fukafukai, yana fitar da wuta ta baki. A shekarar 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutane su kan zauna su kewaye tebur, ɗaya ya riƙe labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a ciki, ya riƙa magana da bakinsa. In an zo wurin faɗa ko wata kasada sai a jefa 'yar ƙwaya mai lambobi irin ta wasan lido, ita ce alƙali. Da fari macijin abokin gāba ne, kashe shi a ke zuwa yi. Amma a bugun 2008 sai ga wani jinsi mai kan maciji da jikin mutum, Dragonborn, cikin waɗanda mai wasa ya ke iya zaɓa tun daga littafin farko. Tun kafin haka wasan ya sha suka. A shekarun 1980 waɗansu iyaye da malaman coci a Amurka suka ce hanyar bautar Shaiɗan ce, har masu wasan suka cire sunayen shaiɗanu daga bugunsu na 1989. Tambayar da ta tayar da ƙurar ita ce, shin wanda ya sa rigar dodo ya zama dodo? Wannan tambaya kuwa tsohuwa ce a ƙasar Gwandu, an kuma yi ta a can da zafin da ya fi na Amurka, domin takobi ne ya raba gardamar.

Kafin jihadi, da bayansa ma a wurare da yawa, shiga rigar abin tsoro ba wasa ba ne. A kudancin Zazzau, wurin Atyap da Bajju, waɗanda a da Hausawa su ke kira Katab da Kaje, akwai wata murya da ke fitowa daga ɗakin tsafi, wadda mata da yaran da ba a shigar ba su ke ɗauka ta kakanni ce. Hausawa dodo su ke ce da ita. Ƙarfin wannan dodo duk a asiri ya ke. Wanda ya yi muryar ba shi da ikon ya ce shi ne, wanda ya tona kuwa ya jawo wa kansa hukunci. A wajen 'yan bori kuma, mutum doki ne ko goɗiya, iska ce ke hawa. Wanda Danko ya hau sai ya faɗi ya yi ta jan ciki kamar maciji, wanda Kure ya hau ya yi ta gurnani kamar kura. A cewar masu abin, ba doki ke zaɓen mahayi ba, in kuma ya sauka dokin bai san abin da ya yi ba. Ga abu biyu ke nan da suka raba tsafi da wasa: a tsafi babu zaɓi, babu kuma faɗin gaskiya a kan wanda ke cikin rigar.

Waɗannan abubuwa su ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka kira garwaya Musulunci da kafirci. A littattafansa, kamar Nurul Albabi, Shehu ya ambaci masu yanka ga itatuwa da duwatsu da masu da'awar sanin gaibu. A shekarar 1805, bayan an ci Birnin Kabi, jama'a suka sauka Gwandu, a nan kuma suka tsira bayan karayar da suka yi a Alwasa. Da Shehu ya raba ƙasa a 1812, yamma ta faɗa hannun ƙanensa Malam Abdullahi, Gwandu ta zama gidan sarautarta. Malam Abdullahi kuwa ba mai sassauci ba ne ga abin da ya ke gani wargi ne. Sa'ad da ya fusata da son duniyar da ya gani ga jama'a ya nufi gabas, ya tsaya Kano wajen 1807 ya rubuta Liya'ul Hukkami. Shi da kansa ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati cewa ya farfasa kayan kiɗan da ya tarar, ya mai da kwarangwal ɗin tambura komin dawaki. Shehu ya fi shi sauƙi a kan wannan, gama ya yarda da kiɗan da ke da dalili, kamar na tara mayaƙa da na sanar da aure. Ta wajen mata kuma Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta aika da jajinta ƙauyuka suna karantarwa, domin mata su sami abin da zai raba su da gidan bori.

Ga al'ada mai karatu zai zaci dodo ya mutu ke nan a wannan ƙasa. Bai mutu ba, sai dai an karɓe masa yanka. Abin da malamai suka yaƙa shi ne a gaskata shi, a nemi biyan bukata wurinsa. Da aka cire wannan sai ya rage rigar kawai, riga kuwa ba ta da mai tsaro, yara suka ɗauka. Ba wanda ya rubuta doka ya ce a yi haka. Tsohuwa ta ci gaba da tatsuniyarta da dare, ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san ƙarya ce aka shirya. Mafi ban mamaki kuma, lokacin da aka bar wa yara su yi shigar burtu shi ne wata mafi alfarma, watau watan azumi.

Tashe ya kan fara in azumi ya kwana goma. Asalin sunan daga tashin mutane ne su yi sahur, aikin da a ke jingina wa gwagware, tun da su ba su da mai dafa musu. Bayan an sha ruwa yara maza su kan haɗu ƙungiya ƙungiya, su yi shawarar wanda zai zama me. A nan zaɓin ya ke, ba kuwa zaɓin banza ba ne. Mai ƙiba ba ya hawa dokin kara ya yi kyau, marar kunya shi ya dace da tsoho mai gemun auduga, mai zaƙin baki a ba shi Jatau mai magani, wanda ya iya ɓata fuska ya jure zolaya shi a kan lulluɓe da tsumma da keso, a shafa masa toka ko baƙin tukunya, a ɗaura masa igiya a ƙugu. Wannan igiya abin lura ce. Abin tsoron da ke cikin wasa kullum yana da mai riƙe da shi, wanda zai sake shi ya zabura kan ƙananan yara, ya kuma janye shi kafin kuka ya yi yawa. Aikinsa ɗaya da na mai riƙe da labari a teburin Amurkawa. Matan gida su kan yi kamar sun firgita, alhali kuwa sun gane ɗan wane ne tun daga tafiyarsa, sa'an nan su ba da hatsi ko 'yan kuɗi. Dodon tsafi in an gane shi ya lalace. Na tashe in ba a gane shi ba rabin daɗin ya tafi.

Daga nan sai labarin ya bi fatake. Ƙasar Gwandu ita ce ƙofar Hausa ta yamma. Bayan rigimar Kalambaina aka kafa Jega, ta zama babbar kasuwa inda ayarin Gwanja ya ke haɗuwa, masu zuwa sayen goro da jakuna, ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki. Garuruwa irin su Kalgo, tsakanin Birnin Kabi da Jega, a bakin wannan zirga-zirga su ke. Wata hanya ta kan ƙetare Kwara ta ratsa Bargu zuwa Salaga, wata kuma ta bi ta Sayi da Gurma ta faɗa ƙasar Mosawa. Ikon Gwandu ya kai har Sayi da Liptako. Barth ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, a nan ya sami littafin Tarihus Sudan ya kwafi abin da ya iya, kāna ya bi ta Sayi da Dori ya nufi Tambutu. Malamai ma sun bi fatake. Imam Umaru, wanda asalin gidansu Kabi ne, ya yi karatu a wannan yanki, ya isa Salaga a 1892, ya rasu a Kete Karachi a 1934. Ayari ba kaya kaɗai ya ke ɗauka ba. Duk inda aka yi zango aka daɗe, aka yi aure aka haifu, in azumi ya zo yaran zango su kan yi abin da iyayensu suka yi a gida.

Haka Dodo ya isa Wagadugu, birnin Moro Naba, a ƙarni na 19, da sunansa na Hausa bai sake ba. Mazaunin Hausawa a birnin shi ne unguwar Zangouettin, wadda sunanta daga zango ya fito. Mutanen can suna da labarin asalin wasan. Sun ce wani maharbi ne ya ƙi jin gargaɗi ya fita farauta ran Juma'a, sai aka juyar da shi ya zama rabi mutum rabi dabba, da wutsiya. Da aka samo shi aka riƙa yawo da shi gida gida cikin azumi yana rawa, don kowa ya ga sakamakon saɓo. Dubi yadda aka yi wa dodo tuba: wanda a da a ke kai wa hadaya ya koma abin wa'azi, Juma'ar da macijin Daura ya ke ba da ruwa ita ce a nan ranar da aka keta.

A hannun yaran Mosawa wasan ya bunƙasa fiye da yadda ya ke a gida. Ƙungiya ta kan ƙunshi mai waƙa da makaɗa da maharbi da bakansa, sa'an nan dabbobi. Kowane yaro shi ke zaɓen dabbarsa, shi ke kuma haɗa fuskarta da ƙwarya ko kwali ko abin da ya tsinta. Su kan ɗiga farar ƙasa a jiki, su ɗaura wutsiya da kacau-kacau na gwangwani a ƙafa, su riƙe sanduna biyu su dogara a kai kamar masu ƙafa huɗu. Ba a tsaya ga zaki da giwa da biri ba, yaro ya kan ƙago halittar da babu ita a kowane daji. 'Ya'yan Kirista da na masu addinin gargajiya suka shiga, har hukuma ta riƙa shirya gasa tsakanin unguwanni. Priscilla Hinckley ta yi bincike a kansa, ta buga a mujallar African Arts a 1986, shekara biyu bayan an sake wa ƙasar suna daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso.

A can gida kuwa, sarauta ta bar Gwandu ta koma Ambursa, daga baya Turawa suka mai da ita Birnin Kabi a 1906, garin Malam Abdullahi ya zauna da hubbarensa da makarantunsa. Unguwar Zangouettin ita ma ba ta tsira ba. A ƙarshen 2003 gwamnatin Burkina Faso ta rushe ta tare da maƙwabtanta don ta gina sabuwar cibiyar ciniki, aka kwashe jikokin fataken aka kai su bayan gari.