Kuturta da Zaizayar Ƙashi a Ƙasar Kabi

A Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran garuruwan Hausa, tun zamanin da an san kuturu da dungulmin hannunsa, kuma abin da jama'a suka ɗauka shi ne yatsun guntulewa suke yi su faɗi. Amma wanda ya dubi irin wannan hannu da kyau, sau da yawa zai tarar da ɗan guntun farce maƙale a bakin dungun. Da a ce yatsa faɗuwa ya yi, ai da ya tafi da farcensa. Ashe ƙashin ne ke zaizayewa daga ciki, yatsa ya yi ta gajarta.

An daɗe ana laluben dalili. Wani likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, ya buga littafi a 1906 yana ɗora laifin cutar a kan cin kifi. Da maganarsa ta tabbata, da Kabawa masuntan gulbin Rima sun shiga uku. Alhali tun 1873 Hansen ya ga ƙwayar cutar a ƙasar Norway. A wannan shekarar kuma Kölliker ya raɗa wa wasu manyan ƙwayoyin halitta na jiki suna ostiyokilas, wato marusa ƙashi. An yi shekaru kusan 100 kafin a gane abin da ya haɗa binciken nan biyu.

A zamanin Turawa masarautun Gwandu da Argungu suna cikin Lardin Sakkwato, kuma babban mazaunin kutare na lardin shi ne Amanawa, inda mishan ɗin SIM ta kama aiki a shekarun 1930 da yardar En'e. Maganin lokacin allurar man wata itaciya ce ta Indiya, mai zafi da ƙarancin amfani. Sai a ƙarshen shekarun 1940 Dokta John Lowe ya nuna a Uzuakoli cewa ƙwayar dafson, wadda ake haɗiya, tana kashe cutar, daga nan aka baza ta a ɗakunan sha-ka-tafi na Jihar Arewa. To, amma ga abin da ya ɗaure kai: mutum ya warke sarai, yatsunsa kuwa ba su daina gajarta ba.

Rabin amsar ya fito daga Indiya, inda Paul Brand ya nuna cewa cutar jijiyoyi take lalatawa, har mai ita ya daina jin zafi. Manomin fadama ya taka ƙaya bai sani ba, mace ta ɗauki tukunya da zafinta, miki ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi.

Sauran rabin kuwa yana wurin garkuwar jiki. Shi ƙashi ba dutse ba ne; kullum magina suna ɗora sabo, marusa suna kankare tsoho, aikin ya tafi daidai wa daida. A 1972 Horton da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa fararen ƙwayoyin jini, idan aka tsokane su, suna fitar da wani sinadari mai zuga marusan. Daga baya aka tantance irin waɗannan 'yan aike, cikinsu har da IL-1 da TNF, sa'an nan a 1998 aka bayyana RANKL, wanda shi ne ainihin umarnin da ke haifar da marusa, bayan an gano kishiyarsa OPG a 1997. Muddin gyambo bai rufe ba, kumburi ba ya daina aika wannan saƙo, sai rushewa ta rinjayi gini. Rundunar da ta fito kare gari ita ke cin ganuwarsa.

Haɗin magunguna uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 1981 ya riga kafuwar Jihar Kebbi da shekara 10, kuma yana kashe ƙwayar cutar. Jijiyar da ta riga ta mutu ba ya farfaɗo da ita. Shi ya sa ma'aikatan kuturta suke nacewa a kan takalmi mai taushin ciki, da jiƙa ƙafa a ruwa a shafa mata mai, da duba tafin ƙafa kowace rana kafin a kwanta.