Dajin da Ƙishirwa ta Raya

A tsakiyar tsibirin Singafo, inda gidaje masu hawa talatin da arba'in suka cika sararin samaniya har mutum ya rasa inda zai hango mafitar rana, akwai wani tafki da ake kira MacRitchie, kewaye da kurmi mai duhu, wanda mutanen birnin kan fita zuwa gare shi tun da asuba, tsofaffi da sandunansu, samari da gudunsu, domin su zagaye hanyarsa mai tsawon kimanin kilomita 11. Baƙon da ya shiga wannan kurmi, ya ji kukan tsuntsaye da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye, ya ga birai masu dogon wutsiya suna zaune a bakin hanya ba su ko kula da shi ba, zai zaci tun ran da Allah ya halicci tsibirin haka wurin yake. Alhali kuwa ba haka ba ne, domin mafi yawan itatuwan nan sun tsiro ne bayan an sare na farko, kuma abin da ya ba su damar tsirowa ba ƙaunar daji ba ce, ƙishirwa ce.

Asalin al'amarin shi ne, lokacin da Stamford Raffles ya kafa wa Turawan Ingila sansanin ciniki a wurin cikin 1819, kusan duk tsibirin kurmi ne da fadama. Ba a jima ba manoma Sinawa suka kutsa cikinsa, suna sassabe suna shuka masoro da wani tsiro da ake kira gambir, wanda ake dafa ganyensa a fitar da wani abu da majema ke jima da shi, kamar yadda namu majeman ke yi da bagaruwa. Wannan noma yana da ɓarna iri biyu, domin tukunyar dafa ganyen ba ta ƙoshi da itace, ƙasar kuma takan gaji cikin shekaru kamar goma sha biyar, sai manomi ya bar ta ga tofa, ya matsa gaba ya sake sassabe. A wancan zamani ne damisar nan mai ratsi ta Asiya, da aka matse mata wurin zama, ta riƙa kama leburori a gefen gonaki, har dai aka harbe ta ƙarshe a tsibirin cikin 1930. Da Nathaniel Cantley, shugaban lambun itatuwa na gwamnati, ya binciki lamarin a farkon shekarun 1880, sai ya tarar abin da ya rage na dajin asali bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Shi kuwa birnin, yana ta cika da jama'a da jiragen ruwa masu neman guzuri, rijiyoyinsa sun gaza kuma sun gurɓace. A 1857 wani attajiri Basine haifaffen Malaka, Tan Kim Seng, ya ba hukuma dala 13,000 domin a jawo wa talakawa ruwa mai tsabta, irin aikin da malamanmu ke kira sadaka mai gudana. Abin takaici, hukumar ta yi ta jan ƙafa da kuɗin, har bawan Allah ya rasu a 1864 bai ga ɗigo ɗaya na ruwan da ya biya ba. Sai bayan rasuwarsa aka gama madatsar tafkin, famfuna da bututu kuwa ba su kammala ba sai 1877, wato shekara ashirin cif bayan kyautarsa. A 1882 aka gina masa maɓuɓɓugar ƙarfe ta tunawa, wadda har yau tana nan. A ganina ya fi cancanta tafkin ya ɗauki sunansa, amma sunan da aka laƙaba masa a 1922 na injiniyan birni ne, James MacRitchie, wanda ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1890.

A nan ne hikimar take, wadda masu ilmin fikihu ba za su yi mamakinta ba, domin tun da daɗewa suka yi bayanin harimin rijiya, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda kowa ya yi wani abu a cikinsa da zai cuci ruwanta ba. Injiniyoyin Singafo sun gane cewa tafki ba ya rayuwa da madatsa kaɗai, sai da ƙasar da ruwan sama ke gangarowa daga gare ta, kuma muddin ana noma da kiwo a wannan ƙasa, laka da ƙazanta za su bi kwari su sauka cikin abin da mutane ke sha. Saboda haka aka hana sassabe a duk gangaren da ke shayar da tafkin, aka tashi gonaki, aka bar ƙasa ta huta. 'Yan tsirarun tsoffin itatuwa da gatari bai kai gare su ba suka tsira, sauran wurin kuma ya rufe sannu a hankali. Har yanzu mai lura yakan ga itatuwan roba jefi-jefi a gefen hanya, ragowar gonakin da daji ya haɗiye.

Kurmin ya ga baƙin ciki kuma. Bayan Singafo ta faɗa hannun Japanawa ran 15 ga Fabrairu 1942, sai suka tilasta wa fursunonin yaƙi na Ingila da Ostareliya gina musu wurin bauta na addinin Shinto a cikinsa, mai suna Syonan Jinja, da gada a kan ruwa da matakala ta dutse, aka rushe shi a 1945 da yaƙi ya ƙare, yau saura kufai da jijiyoyin itace suka naɗe. Kusa da ƙofar shiga kuma akwai kabarin Lim Bo Seng, wanda ya yi gwagwarmaya da mamayar a ɓoye, ya mutu a kurkukun Batu Gajah a 1944, aka maido da gawarsa nan a 1946. Masu gudun safe da yawa kan wuce kabarin ba su ɗaga kai ba, abin kuwa yana sosa mini rai.

Yawon shan iska a dajin, a matsayin al'adar gama-gari, sabon abu ne idan aka gwada da wannan tarihi. An shimfiɗa hanyoyin katako a bakin ruwa domin ƙafa kada ta tattake saiwoyi, inda mai tafiya kan ga guza tana iyo. An gina hasumiyar Jelutong. A 2004 kuma aka buɗe gadar lilo mai tsawon mita 250, wadda ke rataye tsakanin tudun Bukit Peirce da na Bukit Kalang, har mita 25 daga ƙasa, ana bin ta ta fuska ɗaya kawai saboda ƙuncinta. Doka ta hana ba birai abinci, da tara mai nauyi, domin birin da ya saba da hannun mutum yakan daina kiwo ya koma fizge.

Yanzu Singafo tana samun ruwa daga Johor ta ƙasar Malesiya, da tace ruwan teku, da sake tsarkake wanda aka yi amfani da shi, don haka hujjar farko ta kare dajin ta yi rauni, ko da yake tun 1951 doka ta sa shi cikin wuraren da aka keɓe. Da aka zo shata sabuwar hanyar jirgin ƙasa mai ratsa tsibirin, masu kishin dajin sun shafe shekaru suna roƙon a kewaye shi, suna tsoron abin da haƙa da girgiza za su yi wa ƙoramunsa. A 2019 gwamnati ta yanke hukunci cewa jirgin zai bi ta ƙarƙashinsa kai tsaye, a zurfin mita 70, cikin dutse, inda ta ce saiwa ba ta kaiwa.