Gwajin DNA da Haƙƙin Iyaye: Shari'ar Colin Pitchfork

A watan Nuwamban 1983 aka tsinci gawar Lynda Mann, 'yar shekara 15, a ƙauyen Narborough da ke gundumar Leicestershire ta Ingila. An yi mata fyaɗe, an shaƙe ta. A Yulin 1986 aka yi wa Dawn Ashworth, ita ma 'yar shekara 15, irin wannan aika-aika a Enderby, ƙauyen da ke maƙwabtaka.

'Yan sanda suka kama wani matashi ɗan shekara 17, ya kuwa amsa cewa shi ya kashe Dawn. Da a ce an tsaya a kan wannan iƙirari, da an rufe shari'a. Amma masu bincike na son su ɗora masa kisan Lynda ma, sai suka nemi Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester, wanda a 1984 ya gano cewa ana iya bambance mutum da mutum ta ƙwayoyin halittarsu. Gwajinsa ya nuna mutum ɗaya ne ya yi wa 'yan matan biyu fyaɗe, kuma ba wannan yaron ba ne.

Galibi akan ba da labarin nan a matsayin sa'ar wanda aka wanke. A ganin wannan marubuci, iyayen mamatan ne suka fi cin moriyarsa. Ɗaure marar laifi zai iya kwantar musu da hankali, alhali wanda ya kashe 'ya'yansu yana nan yana toya burodi cikin gari, ba abin da zai hana shi ƙarawa. Haƙƙin wanda aka kashe wa ɗa shi ne a hukunta ainihin mai laifin.

Sai dai ɗakin gwaji shi kaɗai bai kama kowa ba. An ɗebi jinin maza kusan 5,000, ba a dace ba, domin Colin Pitchfork, mai toya burodin da ya yi kisan, ya sa abokin aikinsa ya ba da jini da sunansa. Bakin abokin ya suɓuce a wata mashaya, wata mata ta ji, ta kai rahoto. A Satumban 1987 aka kama Pitchfork, jininsa ya yi daidai da abin da aka samu a jikin 'yan matan, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Janairun 1988.

An sake shi a Satumban 2021 duk da adawar iyalan, bayan wata biyu aka mayar da shi kurkuku saboda yadda aka ga yana tunkarar 'yan mata.